Ɗan Sanda Na Huɗu

3 ga Fabrairu

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Dogo da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa ta hagu da ta ƙi jin magani. Antinki tana gaishe ki ƙwarai.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da rabonki da jin ɗuriyarsa tun rasuwar kakarki. Ita da kakata ciki ɗaya suka fito, amma mu jikoki mun bar zumuncin ya yi tsatsa, kuma laifin ya fi yawa a wajena. Ban kira ki a waya ba don maganar da zan yi ba ta waya ba ce. Shekara ashirin da bakwai na yi ina binciken laifi, na san kunnuwa nawa ke kan waya ɗaya.

Kin dai ji na ajiye kaki na koma koyarwa a jami'a. Mutane suna taya ni murna, wai na huta. Ban huta ba. Ofishina yana hawa na uku, ƙarshen baranda, kusa da banɗakin da famfonsa ke ɗiga dare da rana. Ɗalibai ɗari da tamanin nake koya wa darasin aikin ɗan sanda. Rabinsu tsorona suke ji, rabin kuma so suke in ba su labarin 'yan fashi. Ina shiga aji nakan gane wanda bai yi karatu ba tun daga yadda ya ajiye ƙafafunsa, amma wannan ilimin ba shi da maki a nan. A nan abin da ake tambayarka shi ne me ka rubuta, a ina aka buga. Shugabar sashenmu, Farfesa, wadda na girme ta da shekara goma sha biyu, ta gaya mini cikin ladabi cewa kwantiragina zai ƙare a Disamba, kuma ba za a sabunta shi ba sai na fitar da maƙala.

Abin da nake son yin rubutu a kai shi ne yadda ake ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a caji ofis. Ba yadda littafi ya ce a yi ba, yadda ake yi ɗin. Na zagaya wajen tsofaffin abokan aiki har mutum goma sha ɗaya. Kowa ya ba ni kujera da ruwan sanyi, ina fito da rikoda sai ya tuna yana da taro. Uku ne suka yi magana, su ma abin da ke cikin littafin suka karanto mini.

Shi ya sa na tuna da Dogo. A hannuna ya koyi aikin nan tun yana kurtu, na san ƙarya ba ta yi masa kyau a fuska. Ki yi masa magana a hankali, ranar da kika ga ransa a sake. Awa ɗaya nake nema. Sunansa ba zai fito ba, haka sunan ofishinsu. Wannan alkawari ne na ɗauka, jami'a ma ta sa na sa hannu a kansa.

Yayanki

19 ga Fabrairu

Yaya Sufeto,

Na san ka wuce sufeto tun tuni, yanzu ma Dakta ake ce maka, amma bakina ya riga ya saba. Takardarka ta iso, mun gode. Mu ma lafiya, ƙaramin ne ya yi fama da tari, ya samu sauƙi. 'Yar fari tana ajin ƙarshe na sakandare, ta hana mu sakat da karatu. Ka gaishe da Anti. Gwiwa kuwa, ka roƙi Farfesar taka ta sauko da kai ƙasa, ai girma ya zo.

Da na ga ambulan da rubutunka sai na ce a raina, ko dai wani ya rasu, ko kuma Yaya yana son wani abu. Ka ga ban yi kuskure ba. Kwana uku takardar tana cikin aljihun keken ɗinkina kafin na samu bakin gaya wa maigidan. Yana goge takalminsa na karanta masa. Bai ɗago ba har ya gama da na biyun, sannan ya tambaye ni ko da rikoda za a yi. Na ce haka ka rubuta. Ya ce da wani ne da ko amsa ba zai ba shi ba, amma Oga ne.

Ni kam zan gaya maka gaskiya, ban so ba. Kai ka kawo mutumin nan gidanmu da hannunka ka ce a ba shi ni, don haka ka san abin da muke da shi. Ɗaki biyu ne a bariki, a layin da ke kusa da tankin ruwa. Kekena yana baranda, kuma duk masu kawo mini ɗinki matan 'yan sanda ne, sai mazansu masu kawo kaki a rage ko a buɗe. Makarantar yara tana bayan bariki, 'ya'yan masu aiki take ɗauka. Saura shekara goma sha shida ya kai fansho. Duk wannan a kan igiya uku da ke hannun rigarsa yake rataye, in an cire su ba mu da inda za mu dafa.

Abin da ya sa na yi shiru shi ne, tun watan Yunin bara akwai abin da ke cin sa. Ya rage cin abinci, yana zama a bakin ƙofa yana kallon tanki kamar an ba shi gadinsa. Na tambaya har na gaji. Wataƙila in ya faɗa maka ya samu sauƙi.

Zai zo ranar Asabar ɗin da ba ya diyuti, gidanka ba ofis ba, kuma ba da kaki ba. Ya ce kada a yi maganar nan a waya ko da wasa. Ni kuma nawa sharaɗin ɗaya ne, ka riƙe alkawarinka.

Ƙanwarka

10 ga Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya, ƙaramin ma ya warke sarai. Gwiwa tana nan yadda take. Na daina yi mata magana, ita ma ta daina saurarona.

Ki yafe mini jinkiri, jarrabawar ɗalibai ce ta danne ni. Takarda ɗari da tamanin, kowanne da irin rubutunsa, har na fara kewar rubutun ɓarayi.

Dogo ya zo, kuma awa ɗayan da na nema ta zama uku. Ya ce ya gaya miki komai da ya koma, don haka ba sirri nake tonawa ba. Kin ji labarin direban nan da aka tuhuma da satar batura daga sito, yadda ya kwana huɗu a bayan kanta, yadda aka sa Dogo ya rubuta bayaninsa tun kafin a fito da shi, aka yi wa direban alama da fensir inda zai sa hannu, ya sa ba tare da an karanta masa ba. Ba wanda ya mare shi. Da Dogo ya gama sai ya ce mini, "Oga, kai ka nuna mini yadda ake yin alamar fensir ɗin." Ban musa ba, don haka ne.

Na rubuta maƙalar, kuma bayaninsa ne ƙashin bayanta. A ciki na kira shi Ɗan sanda na huɗu, tunda uku sun riga shi. Ba suna, ba gari, ba sunan ofis.

Mun ɗan ja da Farfesa a kai. Ta karanta, ta bi da jan biro, ta ce in cire ranar da abin ya faru, in cire lokacin, in cire cewa mutum uku ne a bakin aiki, in cire batura in ce kaya kawai, in cire shekarun aikinsa. Na ce mata bayanin da ba rana, ba lokaci, ba abin da aka sata, a wajenmu hirar bakin titi ce, alƙali ko kallonsa ba zai yi ba. Ta ce nan ba kotu ba ce. Na ce mata to. Matar kirki ce, amma ba ta taɓa tsayawa gaban lauya yana yayyaga mata fayil ba. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa miƙa bayani mai rami ba, ba kuma zan fara da tsufana ba. Na ba ta kwafin da ta so, wanda zan karanta a taro kuma na bar shi da cikarsa.

Taron ranar ashirin da huɗu ne ga wannan wata. An gayyaci manyan jami'ai daga hedkwata. Ina so su ji da kunnensu, su kasa cewa ƙirƙira ce. Ki gaya wa Dogo na gode, ya kwantar da hankalinsa.

Yayanki

6 ga Mayu

Yaya,

Muna lafiya. An kira maigidan hedkwata ranar Litinin, an ce ya je da duk takardunsa na aiki. Zan rubuto in na samu kaina.

Ƙanwarka

12 ga Mayu

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya lau. Takardarki ta zo, layi uku kamar rahoton kurtu, amma na gane abin da kika ɓoye. A watan Mayu ake kiran masu igiya uku ganawar ƙarin girma, kuma ba a cewa mutum ya zo da duk takardunsa sai sunansa ya shiga jerin. Kunya ce ta hana ki faɗa kafin ta tabbata. To ni na faɗa, barka. Ki fara shirin ɗinka masa sabon kaki, sufeto ba ya yawo da rigar da aka buɗe sau biyu.

Taro ya yi kyau fiye da yadda na zata. Ɗakin ya yi tsit lokacin da na karanta bayanin Ɗan sanda na huɗu. Wani babban jami'i da muka yi kwas tare ya zo ya kama hannuna ya ce aiki ya yi, har ya nemi kwafi uku. Farfesa ce kawai ta fita ba ta yi mini magana ba, na san fushin jan bironta ne. Wata mujalla ta karɓi maƙalar, za ta fito a Satumba. Karo na farko ke nan tun da na zo wurin nan na hau benen nan ban ji tsawonsa ba.

Ki rubuto da cikakken labari.

Yayanki

2 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Jikinmu lafiya, shi ke nan abin da zan iya cewa. Ina fata gwiwa da sauƙi.

Takardarka ta barka ta zo tun Mayu. Na karanta ta a tsaye, na zauna na sake karantawa, sannan na ajiye ta inda maigidan ba zai gani ba. Sau huɗu ina ɗaukar biro in ba ka amsa, ina ajiyewa, don abin da ke bakina a lokacin ba na ƙanwa da yaya ba ne. Kai da ka yi suna wajen gane abin da mutum ya ɓoye, layi uku na rubuta maka ka karanta su a juye.

Ba ƙarin girma ba ne. Kwafi ukun da abokinka ya karɓa, ɗaya ya sauka a teburin shugaban ofishinsu. Ka rubuta Laraba ta biyu a watan Yuni, ƙarfe huɗu na yamma, satar batura, mutum uku a bakin aiki, mai ba da bayanin yana da shekara goma sha tara a kaki. An ce hedkwata ta duba fayilolin satar batura na watan, ta samu guda ɗaya. Shugaban ya buɗe rajistar diyuti ta ranar, ya ga suna uku, biyu ba su kai shekara goma ba. Maigidan ya ce ko shayin da ke gaban mutumin bai huce ba aka gama. Ka manta su waye za su karanta, Yaya. Mutanen da ka koya wa aikin ne.

An cire shi daga sashen bincike, an mai da shi gadin ƙofar bariki. Kullum in na fita sayayya ta gabansa nake wucewa, yana ɗaga wa motoci sanda, yaran da ya koya wa rubuta fayil suna wucewa suna kau da kai. Matan layinmu sun daina kawo ɗinki. Ba wadda ta yi mini faɗa, kawai dai kowacce ta gano tana da wata tela. 'Yar fari tana tsakiyar jarrabawa, ta tambaye ni ko gaskiya ne za a tashe mu, na ce ta je ta yi karatunta. Na gaji da yi wa yara fuskar da ba tawa ba.

Kwamitin ladabtarwa zai zauna ranar ashirin da ɗaya ga wannan wata. Laifin shi ne fitar da sirrin aiki. In ya tabbata, kora ce, ba fansho, kuma kwana talatin za a ba mu mu bar ɗakin. Har yanzu bai amsa ba, bai kuma musa ba.

Ga wata takarda nan na haɗo maka, a hedkwata aka buga ta aka ba shi. Ta ce Ɗan sanda na huɗu ba mutum ba ne, misali ne ka haɗa daga jita-jita, kuma ba ka taɓa zama da wani ma'aikaci na ofishin ba. Sun ce in ta dawo da sa hannunka za a rufe fayil ɗin, don su ma sun fi son a ce ƙarya ce da a ce wani ya tona. Shi ya ƙi aiko maka. Ya ce ba zai roƙi Oga ya ƙaryata gaskiya ba. Ni na ciro ta daga jakarsa bai sani ba.

Ban san dokokin jami'a ba, ban kuma san abin da za ta ja maka ba. Na dai san abu ɗaya na roƙe ka a Fabrairu, ka ce alkawari ne.

Ƙanwarka

9 ga Yuli

Auta,

Na samu takardarki. Lafiyar jiki muna da ita. Ban san da wane baki zan gaishe ki ba, amma ina gaisuwa.

Ba ni da abin kare kaina. An gaya mini, da jan biro ma aka gaya mini, na ɗauka na fi kowa sani. Na cire suna na zaci na ɓoye mutum, alhali rabin mutanen da na kama a rayuwata ba da suna na kamo su ba, da rana da lokaci na kamo su. Ina can ina ƙoƙarin kada a ce na yi ƙarya, ban tsaya na tuna wanda zai biya kuɗin gaskiyar ba. Kunya nake ji, irin wadda ban ji ba tun ina yaro.

Na rufe ƙofar ofis bayan laccar rana na shimfiɗa takardar tasu a kan tebur. An buga ta tsaf, ba kuskure ko ɗaya, da sunana da muƙamina, cikin kalmomin da ban taɓa furtawa ba. A ƙasa akwai 'yar alama ta fensir inda zan sa hannu. Na daɗe ina kallon alamar nan. Na yi wa mutane irinta ba adadi, ban taɓa zama ta wannan gefen teburin ba.

Ga abin da za ta ja, tunda kin ce ba ki sani ba. Hedkwata za ta aika wa jami'a kwafi, wannan ba shakka. Malamin da ya amsa da hannunsa cewa ya ƙirƙiri shaida ya gama aiki a nan, da ko'ina irin nan. Mujalla za ta janye maƙalar. Direban nan kuma, da yake gidan yari yana jiran shari'a, maƙalata ba ta fito da shi ba, wannan takarda kuwa za ta ƙara masa kwaɗo. Shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Na sa hannu. Ga ta nan a cikin ambulan ɗin. Ban aika hedkwata ba, na aiko miki, don ke kika nema. Antinki ta sani, ta yi kuka, sannan ta ce in aika.

Yayanki

4 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina gaida Anti. Yara lafiya. 'Yar fari ta gama jarrabawa, tana ta barcin gajiya.

Da na buɗe ambulan ɗinka na ji haushinka sabo. Ka sa hannu, ka lissafa mini duk wanda zai faɗi, sannan ka ɗora mini a ka ka ce ni na nema. Ku maza kun iya wannan. Kai ka riƙe rabin mutuncinka, maigidan ya riƙe nasa duka, ni ce zan taka da ƙafata.

Na taka. Kwana biyar tana wajena, ranar sha takwas ga wata na sa mayafi na hau mota zuwa hedkwata. Na yi layi a gaban wata taga mai ƙarfuna, wani kofur ya karɓa, ya buga hatimi, ya rubuta lamba a 'yar takarda ya miƙo mini, ko fuskata bai kalla ba. Na yi tunanin direban a hanyar zuwa, na yi a hanyar dawowa. Ban san matarsa ba, na san 'ya'yana.

Kwamitin bai ma zauna ba. An mai da maigidan teburinsa ranar Litinin da ta wuce, da igiyarsa uku. Da ya dawo ya buɗe jakarsa ya duba, ya dube ni, na ce ni ce. Kwana biyu bai ci abincin gidan nan ba. A na uku ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Kin sa Oga ya yi abin da direban ya yi." Daga nan bai sake tada maganar ba, ni ma ban tada ba.

Matan layi sun fara dawowa da ɗinki, kowacce da murmushinta kamar tafiya na yi. Ina karɓa, ina ɗinkawa. Ɗakin yana nan, makarantar yara tana nan. Na zaci zan ji daɗi, gajiya kawai nake ji.

Ba zan ce ka yafe mini ba, don da za a sake, zan sake kaiwa. Amma ina so in san abin da ya same ka. Kada ka rubuto mini layi uku.

Ƙanwarka

28 ga Satumba

Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ki da yara. Muna lafiya. Ki taya ni yi wa 'yar fari barka da gama jarrabawa, Allah ya ba da sakamako mai kyau.

Na jira ne komai ya kammala kafin in rubuto. Kwafin ya iso jami'a a Agusta. Farfesa ta kira ni, ta rufe ƙofa, na gaya mata gaskiya tun daga farko. Ta ce ta yarda da ni, ta kuma san Ɗan sanda na huɗu mutum ne mai rai, amma kwamiti takarda zai duba, takardar kuma da sa hannuna. Ta tambaye ni ko zan ba da muryar da na ɗauka a rikoda don in wanke kaina. Na ce na goge ta, kuma na goge ɗin. Ba ta tuna mini da jan biro ba, wannan ya fi mini zafi da a ce ta yi faɗa.

An janye maƙalar. Zan ƙarasa zangon nan da 'yan aji ɗaya, a Disamba in miƙa makulli. Fanshona na kaki yana nan, ba za mu kwana da yunwa ba, kada ki sa wannan a ranki. Abin da kika yi, ni na jawo shi, ba ke ba.

Makon jiya a aji wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta tambaye ni me zai sa mutum mai hankali ya sa hannu a bayanin da bai faɗa ba. Da, amsar da nake bayarwa ita ce duka da barazana, in kawo musu alƙaluma daga littafi. Wannan karon na rufe littafin. Na ce musu wani lokaci ba a taɓa mutum ko da yatsa. A kan ajiye masa takarda ne kawai, ya tuna akwai masu jiransa a gida. Suka rubuta a littattafansu, wani ya tambaya ko zai fito a jarrabawa.

Na samu sunan lauyan da ke riƙe da shari'ar direban. Maganata ba ta da nauyi a kotu yanzu, amma na san yadda ake karanta fayil, na kuma san inda ake ɓoye rami a cikinsa. Daga Janairu ba ni da aji, zan je in zauna masa in ya yarda.

Ki gaishe da Dogo, in zai karɓa.

Yayanki